Wa Ya Zuba Ruwa a Kwalbar Sifirit

Sidni, farkon Janairu

'Yata Salanieta,

Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da mijinki Apisalome da 'yar jikata Tokasa. Ya ƙarin haƙurin rashin mamarki? Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke min tsiya tun da na fara aikin ɗaga tsofaffin Turawa a gidan jinya. Ki gaida babanki, yayana Peniasi. Na ji daɗi da kuka ɗauko shi ya dawo gidanku, don da an bar shi shi kaɗai a ƙauyenmu, shayi zai yi ta sha har ya bi matarsa. Na san zama gida ɗaya da suruki ba wasa ba ne, mutum biyu da ba a yarda su kalli juna ido cikin ido ba, balle su yi hira. Ke ce bakinsu, sai ki yi haƙuri.

Sabulun da kika aiko min na gani. Sala, ba zan ɓoye miki ba, da na kwance takardar na zaci rogo ne ya yi funfuna. Kumfa dai yana yi, man kwakwarki mai kyau ne, amma wannan farar tokar da ta rufe shi ba mai son ya goga ta a fuska. Wata tsohuwa da muke shimfiɗa kaya kusa da juna a kasuwar Asabar ta koya min maganinta. Sifirit ne, irin wanda ake goge fata da shi kafin a yi allura. Da kin zuba sabulun a mazubi, tun yana ruwa-ruwa, ki fesa masa a kai, ki ɗan jira ki sake fesawa, sannan ki rufe da kwali. 'Yan ƙurajen kumfar nan za su fashe a gabanki, tokar kuma ba za ta fito ba. Na sa an saya miki kwalabe a kantin magani a birnin Suva, har da kwalbar feshi, za su zo a jirgin kaya.

Ki ajiye su nesa da murhu, nesa da Tokasa. Ba abin sha ba ne, hanji yake ƙonawa.

Gwaggonki,
Ulamila

Tsibirin Kadavu, Fabrairu

Gwaggo Ulamila,

Gaisuwa mai yawa da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Mu duk lafiya. Tokasa ta yi giɓi, tana ta nuna wa duk wanda ya shigo. Baba yana amsa gaisuwarki. Jikinsa da dama, sai dai ba ya magana, yana wuni a ƙofar rumfar baya yana kallon teku. In Baban Tokasa ya shigo ta gaba, shi sai ya fita ta baya, ni kuma in tsaya a tsakiya ina kai saƙo. Rannan Baba ya ce min, "Ki ce wa maigidan rufin nan yana yoyo," alhali maigidan yana zaune yana ji, tabarma ɗaya ce tsakaninsu. Dariya ta kusa kashe ni, na riƙe ta.

Gwaggo, Allah ya saka miki. Sabulun ya fito sumul kamar bayan cokali. Na zuba kurkum a wani ya yi rawaya. Matan ƙungiyar coci sun zo kallo, matar mai gari ta ɗauki ɗaya tana juyawa, ta ce, "Ke Sala, faɗi gaskiya, a Suva kika sayo ko?" Yanzu sun ɗora min sabulun da za a raba wa baƙi ranar babban taron coci.

Ga kuma labari mai daɗi. Fasto ya kira Baban Tokasa ya ce a wannan taron za a tsayar da shi gaban jama'a a ba shi izinin wa'azi. Kin san daga inda ya fito, kin san shekarun da ya yi a Suva yana sha har ana tsinto shi a bakin kwata. Tun kafin a haifi Tokasa ya bari, bai sake ba. Yanzu kullum yana can gindin mangwaro yana yi wa kaji wa'azi don bakinsa ya saba. Na ɗinka masa farin zane irin na maza da kwat.

Taki,
Salanieta

Kadavu, Maris

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, jiki dai lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi, ba na so a gan ni.

Sabulun ya fara lalacewa. Zubi biyu a jere toka ta rufe su fiye da da, har da ramuka-ramuka. Na zargi soda, na zargi ruwan sama da na tara, na zargi hannuna. Sai na tuna sifirit in ya taɓa fata sanyi yake yi ya bushe nan take. Na ɗiga a bayan hannuna, ya zauna yana kallona. Na kyasta masa ashana a murfin gwangwani, ya kashe ashanar. Gwaggo, ruwa ne. Warin kawai ya saura. Na buɗe sabuwar kwalba na ɓoye ta a bayan buhun kwakwa, bayan kwana kaɗan ita ma ta zama ruwa.

Gidan nan mu nawa ne? Yarinya, da tsohon da ya shekara arba'in yana zama a kujerar dattawan coci, da ni, da shi.

Shekaranjiya ya miƙo min kifi, na ji warin a hannunsa. Na ce, "Baban Tokasa, me ya kai hannunka ga sifirit ɗina?" Ya kalli hannun, ya kalli ƙasa. Na ce, "Kai nake tambaya. Ka koma ne?" Da ya ce a'a, ko ƙarya ce zan karɓa. Ya ɗauki addarsa ya tafi gonar gwaza, bai dawo ba sai da na kwashe abinci.

Kunya ta ishe ni. Ina wanke farar kwat ɗin nan ina jin kamar duk matan ƙauyen sun sani. Ba ni da wanda zan gaya wa, Baba kuwa ko kusa, don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ina ma a ce akwai wani babba nasa a kusa da zai zaunar da shi ya yi masa magana, tun abin nan bai kashe shi ba.

Ki sa mu a addu'a.
Salanieta

Sidni, ƙarshen Maris

'Yata,

Ina fatan kina lafiya, ko da yake wace lafiya? Ni tun da na karanta takardarki gwiwar ma na manta da ita.

Dama! Ni ban taɓa sakin jiki da wannan shiru-shirun nasa ba. Ranar da aka kawo maganar aurenku na faɗa wa marigayiya mamarki, ta ce in rufe bakina. Wai mai wa'azi! Ga shi ko giyar kirki bai samu ba, ya koma shan abin goge allura, a gidan da yayana yake kwana.

Ki share hawayenki. Kin ce kina neman babba nasa da zai yi masa magana, to kin samu. Ranar Lahadi ana tashi daga coci na tare yayansa Kitione, da ke nan Sidni, a wurin ajiye motoci, na karanta masa takardar taki tun daga sama har ƙasa. Mutumin nan sai da ya dafa mota. Ya ce ba zai bari ƙaninsa ya hau mumbari da wannan ƙazanta a cikinsa ya ja wa gidansu fushin Allah ba. A ranar ya rubuta wa fastonku da dattawan gidansu. Matarsa ma na ja mata kunne kada ta yaɗa, ko da yake kin san bakinta.

Kada ki gode min. Ba ki da uwa yanzu sai ni.

Gwaggonki,
Ulamila

Kadavu, ƙarshen Maris

Gwaggo,

Gaisuwa a gurguje, jirgin ruwa ya kusa tashi. Ban samu amsar takardata ta baya ba, ina roƙon Allah ya sa ba ta ma iso ki ba. In ta iso, don girman Allah ki ƙona ta. Kada ki nuna wa kowa.

Ranar Laraba mun fita kamun kifi da mata, dutsen ruwa ya yanke ni a ƙafa, na dawo gida da rana tsaka. Na nufi rumfar baya in ɗauki sifirit in wanke ciwon. Ta tsakanin karan bango na hango mutum a tsugune. Baba ne. Ya janye buhun kwakwa, ya tsiyaya a kofinsa na shayi, ya ƙara ruwan kwakwa, ya shanye yana runtse ido. Sannan ya zauna yana kiran sunan Mama a hankali. Na koma da baya da baya, jini na bin sawuna, ban ma ji zafin ba.

Da yamma na bi Baban Tokasa gona. Na ce, "Kai kake zubar da shi kana cika kwalbar da ruwa?" Ya ci gaba da sara. Na ce, "Na gan shi da idona." Sai ya tsaya. Ya ce, "Ni ban ga kowa ba." Can ya ce, "Na san abin da wannan yake yi wa cikin mutum, na ga wanda ya kashe a Suva. Nakan bar kaɗan don warin, kada a gane an taɓa."

Na ce me ya hana ka faɗa min? Ya ce, "In ce miki me? In buɗe baki in kira sunan wanda ya haife ki da wannan magana? A gidana yake, tabarmata yake kwana a kai." Sai ya dube ni ya ce, "Ke dai sau ɗaya kika tambaye ni, kika yanke hukunci."

Gwaggo, da ƙasa ta tsage da na shige. Na kwashe sauran kwalaben na juye su a teku, na ce wa Baba sun ƙare. Ban gaya wa mijina na rubuta miki ba, kuma ba zan gaya masa ba. Ki ƙona ta kawai.

Salanieta

Kadavu, Afrilu

Gwaggo Ulamila,

Ina gaishe ki don ke babba ce. Lafiyarmu kuwa ki karanta ki gani.

Jirgin da ya tafi da takardata, dawowarsa ya kawo taki, ya kawo ta Kitione. A buhu ɗaya suka zo. Ina tsaye a bakin ruwa ina karanta taki, na ɗaga kai na ga fasto yana karanta tasa.

Ni na ce ki nemo min Kitione? Kuka na yi miki, irin wanda 'ya take yi wa uwa. Kika ɗauki kukana kika karanta shi a wurin ajiye motoci. Amma me zan ce miki, ni na rubuta.

Sun kira shi gidan taro. Ina waje tare da mata, ana jin komai ta bango. Fasto ya ce, "Apisalome, matarka ta ce sifirit ɗinta yana zama ruwa, kuma ta ji warinsa a hannunka. Haka ne?" Ya ce haka ne. Fasto ya ce, "Kai ka taɓa kwalbar?" Ya ce shi ne. Wani kawunsa ya ce, "To in ba kai ka sha ba, wa ya sha? Faɗi mu ji." Baba yana zaune a cikinsu, a sahun dattawa. Mijina ya sunkuyar da kai kawai.

An cire sunansa. An ce ya koma kujerar baya a coci. Yara sun fara bin sa suna toshe hanci, matar mai gari kuma ta dafa ni ta ce, "Sannu Sala, ashe sabulu kike yi, wani yana wanke hanjinsa." Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

A gida bai yi min faɗa ba. Da ya yi da na samu sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Ashe har Sidni na kai." Na ce zan je in gaya wa fasto gaskiya. Ya ce, "Ki je. Ki tsaya gaban maza ki ce ubanki ne. In kin iya, ki je." Na kai har ƙofar gidan fasto, na tsaya, na tambayi matarsa ko tana da gishiri, na dawo.

An sa ranar da zai kawo saiwar yangona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a zaman dattawa, ya roƙi gafara gaban jama'a, kamar yadda ake yi. Kuma sun ce tun da a gaban surukinsa ya yi abin kunyar, surukin ne zai karɓa. Baba zai karɓi tuban Baban Tokasa, Gwaggo. Ki faɗa min yadda zan zauna in kalli wannan.

Salanieta

Sidni, Afrilu

Salanieta,

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo. Ban san da wane baki zan tambayi lafiyarku ba.

Na karanta ta farkon a cikin bas, na wuce tashata ban sani ba. Na karanta ta biyun a ɗakin wanki na wurin aiki, na zauna kan kwandon zannuwa na yi kukan da ban yi ba ranar da mamarki ta rasu. Yayana! Mutumin da ya taɓa marina don ya gan ni tsaye kusa da mashaya.

Ba ni da abin kare kaina. Ban tsaya na ce wa ma zai iya ba, don tun asali na riga na ajiye wa mijinki laifi, jira kawai nake ya zo ya ɗauka. Ranar Lahadi na hango Kitione, na ɓuya a bayan motar wasu kamar ɓarauniya, ni da furfurata. Na san abin da ya kamata in gaya masa. Na buɗe baki a zuciyata sau ba adadi, in na zo kan sunan Peniasi sai harshena ya ƙi. Yanzu na gane abin da mijinki ya haɗiye, shi da ba jininsa ba ne.

Ki ce masa gwaggonki ta durƙusa. In kun ce in faɗa wa Kitione, zan faɗa ko zan mutu. In kun ce in yi shiru, zan koyi shirun a tsufana. Wannan karon ba zan motsa ba sai kin ce.

Ulamila

Kadavu, Mayu

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fatan gwiwa da sauƙi. Tokasa ta yi mura ta warke. Na isar da saƙonki ga Baban Tokasa, ya ce a gaishe ki, ya ce ki tashi. Ba sai kin gaya wa Kitione komai ba, labari zai same shi.

An yi zaman ranar Asabar. Gidan taro ya cika, har ta tagogi ana leƙe. Baba yana can gaba, wurin manya, kusa da mai gari, ya sa rigarsa ta zuwa coci, wadda yanzu ta yi masa yawa. Baban Tokasa ya shigo da rarrafe, ya zauna a can ƙarshen tabarma, ya ajiye saiwar a gabansa, ya dafa ta da hannu biyu. Ya ce ya ɓata sunan gidansu, ya ɓata sunan coci, ya kunyata babban baƙon da ke ƙarƙashin rufinsa, yana roƙo a yafe masa. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ni ina can bayan mata.

Aka tura saiwar gaban Baba. Kin san abin da ya rage, ya ɗora hannu ya ce an karɓa, a tafa, shi ke nan. Ya ɗora hannun. Muka jira. Mai gari ya yi gyaran murya. Wani ya ce a hankali, "Tsoho ya manta kalmomin."

Sai Baba ya ɗauki saiwar ya rungume ta. Ya sauko daga wurin dattawa da gwiwoyinsa, yana jan jiki a tabarma, ya wuce Baban Tokasa, ya je ƙasa da shi, wajen ƙofa inda yara suke zama. Ya juyo, ya ajiye saiwar a gaban surukinsa, ya kifa goshinsa a kanta. Ya ce, "Apisalome." Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ya ce, "Ruwan da ka yi ta ba ni, na san ruwa ne tun kofi na biyu. Na ci gaba da zuwa don ban san yadda zan daina ba tare da na nuna na sani ba. Ka karɓa, ɗana."

Ba wanda ya tafa. Mijina ya rufe fuskarsa da hannu yana cewa, "A'a, a'a, ku tashe shi," yana kuka kamar yaro, don duk abin da ya haɗiye saboda kada a ga wannan ranar ne. Sai da fasto da kansa ya kama hannunsa ya ɗora a kan saiwar.

An mayar da sunansa, zai yi wa'azinsa na farko a taro mai zuwa. Baba kuma ya ce ba zai iya haɗa ido da mutanen garin nan ba, zai koma ƙauyenku. Na roƙe shi, Baban Tokasa ya aike ni in roƙe shi, ya ƙi. Jiya ya shiga jirgi. Mijina ne ya ɗaukar masa akwati har cikin ruwa, suna tafe ɗaya gaba ɗaya baya, ba wanda ya kalli wani.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ke ma don kin yi nisa ne, kuma na san yanzu kin iya riƙe magana. Lokacin da Baba ya kifa goshinsa a ƙasa gaban duk garin, matan da ke kusa da ni sun riƙe ni, sun zaci zan faɗi don baƙin ciki. Gwaggo, daɗi na ji. Ubana yana durƙushe wajen ƙofa da furfurarsa, ni kuma zuciyata tana cewa madalla, an wanke min miji. Har yanzu in na tuna sai in ji daɗin ya sake tasowa kafin kunyar ta danne shi.

Ki rubuta masa, shi kaɗai ne a gidan can. Ni na ɗauki biro sau da yawa, ban iya wuce gaisuwa ba.

'Yarki,
Salanieta